Alif Mai Ƙarfe, Shaidan Ɗakin Gwaji

 

Babu uwargidan da ta taɓa ɗebo ruwan gulbi ko na tafki da damina, lokacin da ruwan sama ya wanko jar ƙasa daga tudu ya zuba a kwari, da za a tsaya yi mata bayanin alif, domin ta san shi tun tana ƙarama: ɗan dunƙulen nan fari mai ƙyalli, mai bauri a harshe, wanda 'yan koli ke kasawa ranar kasuwa kusa da kanwa da farar wuta, wanda in an zagaya da shi cikin randa aka fitar, kafin a gama sharar tsakar gida sai a tarar laka ta kwanta a gindi, ruwa ya tsaya garau a bisa. Wanzamai ma sun san shi, suna goga shi inda aska ta yi ɓarna domin jini ya tsaya. To, maganarmu ta yau ba a kansa take ba. A kan wani ɗan'uwansa take, wanda bai taɓa zama a faifan ɗan koli ba, mazauninsa kwalba mai murfi a kan kantar ɗakin gwaje-gwaje, wanda masana kimiyya suke kira ferik amoniyam alam, mu kuwa za mu riƙa ce masa alif mai ƙarfe.

Alif dai ba abu guda ba ne, dangi ne, kuma duk wanda ke cikin dangin bisa tsari ɗaya aka gina shi: gishiri iri biyu ne suke haɗuwa su zama ɗaya, dukansu tushensu asid ɗin farar wuta, watau wanda muka fi sani da ruwan batir, sa'an nan su riƙe ruwa kashi 12 a cikin jikinsu. In ƙarfen da ke ciki alminiyam ne, irin wanda ake narkarwa a zuba tukwane, abokin haɗinsa kuma fotasiyam ko amoniya, to, farin alif ke nan. In kuwa baƙin ƙarfe ne ya zauna a gurbin alminiyam, a irin halin da yakan koma bayan ya yi tsatsa, aka haɗa shi da amoniyam salfet, wanda manoma suka sani a cikin buhunan takin zamani, sai a sami ƙwayoyi masu ɗaukar ido, launinsu shunayya ce mai haske ƙwarai, kowace ƙwaya in ta girma a natse tana da fuska takwas, kowace fuska da kusurwa uku, daidai da siffar farin alif ba ragi ba ƙari. Wani Bajamushe, Eilhard Mitscherlich, wanda ya fara karatunsa da harshen Farisa kafin ya karkata ga kimiyya, shi ya bayyana a 1819 cewa abubuwan da tsarin haɗinsu ɗaya ne sukan ɗauki siffa ɗaya ko da ƙarafansu sun bambanta, kuma har yau da dangin alif malamai suka fi kafa hujja a kan wannan ƙa'ida. Wanda ya riƙe ƙwayar a hannu zai rantse busasshiya ce, alhali kuwa a cikin kowane giram 100 kusan giram 45 ruwa ne zalla, baƙin ƙarfen bai cika giram 12 ba. Ku riƙe wannan lissafi, akwai inda zai yi mana amfani.

Kada kuma a zaci sanin alif da Turawa ya zo. Abubakar ar-Razi, likitan nan na birnin Rayyu wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya lissafa shi cikin ma'adinan da ya karkasa a littattafansa na kimiyya, a babi ɗaya da gishirin ƙarafa masu launi. Al-Idrisi kuma, wanda ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a Sikiliya a 1154, ya ambaci alif ɗin ƙasar Kawar, watau yankin Bilma inda ayarin raƙuma ke zuwa ɗaukar gishiri, ya nuna fatake suna kai shi har Masar da Magrib, inda masu rini ba su iya aiki sai da shi. Abin da zamani ya ƙara shi ne mizani: sanin nawa ne a cikin nawa.

A nan ne babban aikin alif mai ƙarfe yake, kuma a nan nake so mu daɗe. A shekarar 1874 wani masani mai suna Jacob Volhard, almajirin wani masanin kimiyya mai suna Liebig, wanda aka haifa a Darmstadt a 1834 ya rasu a 1910, ya wallafa wata hanya ta auna azurfa da kuma auna kuloraid, wanda shi ne rabin gishirin miya, ɗaya rabin kuwa sodiyam. Faransawa sukan haɗa sunansa da na wani mutuminsu, Charpentier, wanda ya riga shi kaɗan. Ga yadda ake yi. Mai gwaji zai auno ruwan da ake tuhuma, a ce na wata rijiyar lambu, ya zuba cikin kwalba mai faɗin gindi, ya ɗiga asid ɗin naitirik, sa'an nan ya zuba ruwan azurfa, watau naitiret na azurfa da aka narkar, wanda ya san ƙarfinsa sarai, kuma da gangan zai zuba fiye da abin da ake bukata. Nan take ruwa ya turnuƙe, ya yi fari fat mai guda-guda, domin duk kuloraid ɗin da ke ciki ya kama azurfa sun zama abin da ba ya narkewa. Saura azurfar da ta yi rara, wadda ba ta sami abin kamawa ba. In an san yawan wadda aka zuba, aka kuma gano yawan wadda ta saura, to, bambancin da ke tsakani shi ne abin da gishiri ya ci. Domin gano rarar sai a kawo wani ruwa na uku, tiyosayanet, a cikin wata doguwar kwalba siririya mai zanen ma'auni a jiki da ɗan famfo a gindi, wadda ake kira buret, a riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo, hannun hagu a kan famfo, na dama yana jujjuya kwalbar ƙasa, kowane ɗigo yana kama azurfar da ta saura yana kwantar da ita fara.

Mas'alar ita ce, fari a kan fari, ta yaya ido zai gane lokacin da azurfa ta ƙare? Saboda wannan ne ake ɗiga ruwan alif mai ƙarfe kaɗan tun kafin a buɗe famfo. Matsayinsa a cikin kwalbar nan matsayin shaida ne a gaban alƙali: ba shi ne mai ƙara ba, ba shi ake ƙara ba, ba shi da rabo a abin da ake jayayya a kai, yana zaune shiru muddin akwai sauran azurfa, domin tiyosayanet ya fi son azurfa a kan ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma da zarar azurfa ta ƙare, ɗigon farko da ya faɗo bai sami abin kamawa ba sai ya koma ga ƙarfen, nan da nan farin nan ya yi ja-ja, launin da in an ƙara ɗigo biyu ko uku zai koma ja wur. Sai mai gwaji ya rufe famfo, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da saman ruwan da ke cikin buret, ya karanta lamba ya rubuta.

Bari mu buga misali domin lissafin ya zauna. Ruwan azurfar da aka saba haɗawa, wanda ake narkar da kusan giram 17 a lita guda, kowane mililita ɗinsa yana kama miligiram 3.5 da ɗoriya na kuloraid, kwatankwacin miligiram 5.8 na gishirin miya. In an auno ruwan rijiya mililita 100, aka zuba masa ruwan azurfa mililita 20, sa'an nan ja ya bayyana bayan an saki tiyosayanet mililita 15 mai ƙarfi daidai da na azurfar, to, gishiri ya ci mililita 5 ke nan, watau kimanin miligiram 177 a kowace lita. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta yanka iyaka a miligiram 250, wanda wajen nan ne harshe yake fara jin ɗanɗanon gishiri, saboda haka mai wannan rijiya zai sha ya ce ruwa lafiya lau. Amma jagorar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 a kan ruwan ban-ruwa ta nuna cewa daga wajen miligiram 140 shuke-shuke marasa juriya suke fara jin jiki, in kuma ya wuce 350 illar ta yi tsanani. Ashe ruwan da harshe ya wanke, albasa tana iya ƙin sa, alhali alkama da auduga, da yake sun fi haƙuri da gishiri, ba za su nuna komai ba tukuna.

Wannan ba magana ce ta nesa ba ga mutanen da ke noma a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, wadda kuma dattawanmu ba su manta da abin da ta ci na gonaki da rayuka ba a rikicin watan Afrilu na 1980, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ruwan gulbi mai daɗi ne, amma babu ruwan da ba ya ɗauke da gishiri ko yaya, kuma sunnar ƙasa mai zafi ita ce rana ta ɗauke ruwa ta bar gishirin a inda yake. In magudanan da aka haƙa domin fitar da ragowar ruwa daga gona suna aiki, gishirin yakan bi su ya fita. In sun cike da laka da kacala, sai ya riƙa taruwa shekara bisa shekara, har wata rana manomi ya ga farin ɓawo a saman kunya, ya ga bakin ganye ya ƙone alhali bai yi sakaci da ban-ruwa ba, ya ɗora laifin a kan taki ko iri ko bakin mutane. Kafin ido ya ga ɓawon nan da shekaru, buret ta riga ta gan shi.

Wani zai ce ai akwai hanya mafi sauƙi, ta Mohr, wadda ɗalibai suka fi sani, inda ake ɗiga ruwan azurfa kai tsaye ba tare da komowa ta baya ba. Gaskiya ne, kuma ga ruwa mai tsabta ta wadatar. Amma tana da sharaɗi, ba ta aiki cikin asid, alhali ƙasarmu da ruwanmu sau da yawa suna da kanwa-kanwa, ita kuwa kanwa tana kama azurfa kamar yadda kuloraid ke kamawa, sai lissafi ya kumbura a ɗora wa gishiri abin da bai ci ba. Hanyar Volhard cikin asid ake yinta, asid kuwa yana kashe kanwa tun kafin azurfa ta shigo. Shi ya sa ita ake bi wajen auna gishirin da ke cikin abinci, irin su busasshen nama da cuku, da ita ake gane tsarkin azurfa, da ita kuma akan auna gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Abin da ya fi burge ni game da ita kuwa shi ne, in an riga an haɗa ruwayen, ba ta bukatar lantarki ko inji: kwalabe ne, da ido, da amana.

Sai dai shari'a ba ta karɓar shaida sai an yi masa tazkiya, kuma wannan shaidan yana da raunin da ya kamata ma'aikatan ɗakunan gwajinmu su sani, domin littattafan da suke karantawa a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Jan launin nan yana kodewa in ruwa ya yi ɗumi, shi ya sa aka shar'anta kada zafin kwalbar ya wuce digiri 25, abin da a watan Afrilu a Talata Mafara ba a samunsa sai da sassafe, ko kuwa a tsoma kwalbar cikin ruwan sanyi tukuna. Asid ɗin naitirik kuma in ya daɗe a haske ya yi rawaya, akwai wani abu da ke haifuwa a cikinsa wanda shi ma yakan ba da ja da tiyosayanet, shaidar zur ke nan, maganinta a tafasa asid ɗin har ya washe. Haka nan farin gudan farko, na kuloraid da azurfa, in an bar shi cikin kwalbar yakan riƙa sakin azurfarsa a hankali, ja ya bayyana ya ɓace, ya sake bayyana ya ɓace, mai gwaji ya yi ta ƙara ɗigo har ya wuce iyaka; saboda haka ake tace shi a fitar kafin a buɗe famfo.

Rauni mafi girma kuwa a jikin gishirin kansa yake, kuma a nan ne lissafin ruwan nan da na ce ku riƙe yake dawowa. Alif mai ƙarfe yana narkewa a cikin ruwan jikinsa da zarar zafi ya kai wajen digiri 40, zafin da bazararmu take kaiwa har ta wuce, balle a ɗaki mai rufin kwano da tagogi a rufe. Sai ma'aikaci ya buɗe kwalba ya tarar ƙwayoyin shunayya sun zama wani abu mai danƙo ruwan ƙasa. Da hunturu kuma akasin haka ne, in murfi bai kama ba busasshiyar iska ta zuƙe ruwan, saman ƙwayoyin ya yi gari. In don a ɗiga shi a matsayin shaida ne, wannan ba babbar hasara ba ce, tun da ba a bukatar awonsa ya zama daidai wa daida. Amma yana da wani aiki inda nauyinsa shi ne komai. Rijiyoyin burtsatse da yawa ruwansu yakan fito garau, in ya kwana a bokiti ya yi ja ya ɓata farin tufafi, dalili kuwa ƙarfe ne, wanda ƙa'idar ruwan sha ta ce kada ya wuce miligiram 0.3 a lita. Domin auna shi sai an haɗa ruwan da aka san ƙarfen cikinsa tabbas a gwada launi da launi, kuma sau da yawa da alif mai ƙarfe ake haɗa wannan ma'auni, bisa lissafin cewa giram 8.63 yana ɗauke da giram 1 na ƙarfe. In ya bushe ya yi asarar ruwansa, ƙarfen da ke cikin abin da aka auna ya fi abin da aka rubuta, kuma duk rijiyar da aka gwada da shi za a ba ta sakamakon ƙarya, da hatimi da sa hannu. Inda babu firji, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana iya tsare kwalbar daga zafin bazara, muddin an toshe bakinta da kyau. A kuma lura da takardar jikin kwalba, domin akwai wani gishiri mai kama da suna, gishirin Mohr, kore-kore, mai ruwa kashi 6, wanda ƙarfensa bai kai halin tsatsa ba. Shi ba ya ba da ja da tiyosayanet, wanda ya ɗiga shi bisa kuskure zai ƙarar da abin da ke cikin buret yana jiran launin da ba zai zo ba.

A asibiti aikin alif mai ƙarfe na rini ne. Martin Heidenhain ya fito da wata hanya a 1892 inda ake jiƙa ɗan yankin nama ko ɗigon bayan gida da ruwan alif mai ƙarfe, a sa shi cikin wani rini da ake samu daga itacen da ke fitowa a Amurka ta Tsakiya, kome ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan a mayar da shi cikin ruwan alif ɗin nan dai, wanda yanzu zai riƙa cire rinin sannu-sannu, mai aiki yana dubawa a madubin likita, har ya tsaya a daidai inda cibiyar ƙwayar halitta kaɗai ta riƙe baƙin. Da wannan aka daɗe ana rarrabe ƙwayar cutar atuni da 'yan'uwanta marasa cutarwa. Dukawanmu ba za su yi mamakin wannan ba, domin kulokon da suke zana baƙi da shi a jikin jar fata daga ƙarfe ake haɗa shi, kuma ba ya yin baƙi sai ya haɗu da baurin bagaruwar da majema suka jeme fatar da ita; a farin ƙyalle ba shi da wani kwarjini. Wannan baurin, wanda ke cikin wasu irin dawa da ganyayen da ake ba dabbobi har ya rage musu amfanin abinci, masu binciken kiwo suna auna shi da wani gwaji da ake ɗiga alif mai ƙarfe a ciki, ilmin da ya shafi ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Bakura kai tsaye.

Akwai kuma abin ta'ajibi guda. Gishirin nan da ba ya jure bazarar Mafara, da shi ake samar da sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, domin ƙarfen cikinsa yana bin maganaɗisu: in an sa shi tsakanin maganaɗisu mai ƙarfi aka janye zafin da ya fitar, sa'an nan aka rage ƙarfin a hankali, sai ya zuƙe zafin abin da ke manne da shi. Tauraron ɗan'adam mai suna Suzaku da Japan ta harba a watan Yuli na 2005 tare da haɗin gwiwar Amurka ya tafi da dunƙulensa, ya sanyaya na'urarsa har saura digiri 0.06 ta kai matuƙar sanyi, wadda take ƙasa da daskarewar ruwa da digiri 273.

Kashedi ɗaya wajibi ne. Kada wani ya ji an ce alif ya samo na ɗakin gwaji ya jefa a ruwan sha, domin ruwansa asid ne, yana cin fata da ido, ba a yi shi don ciki ba. Farin alif ɗin ma laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar amai da gudawa, sai an tafasa ruwan ko an sa masa kulorin.

Ɗaliban da ke koyon aikin ɗakin gwaji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da takwarorinsu na sauran makarantu, su ne ya kamata manomi ya riƙa kai wa ruwansa, kuma ra'ayina shi ne ɗalibin da bai taɓa ganin fari ya juye ja a hannunsa ba, bai taɓa samun baƙin tabon azurfa a yatsa ba, bai san wannan babi ba ko da ya haddace shi daga allo. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori suna iya haɗa kuɗin azurfar, tun da ita ce mai tsada a cikin kayan, sauran ba su taka kara sun karya ba. Wanda zai kai ruwa kuwa ya nemi gora mai tsabta, ya ɗauraye ta sau uku da ruwan da zai ɗiba, in rijiya ce ya bari injin ya ɗan yi aiki tukuna, ya cika ta har baki ya rufe, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a jiki. Ya ɗiba sau ɗaya bayan ɗaukewar damina, sau ɗaya kuma a ƙarshen rani, ya haɗa da na magudanar da ke fita daga gonarsa, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi kowace lamba ita kaɗai bayani. In an ba shi sakamako kada ya yarda da a ce masa ruwa yana da kyau ko ba shi da kyau, ya nemi a rubuta masa miligiram nawa ne a lita, ya adana takardar domin a gwada da ta baɗi.